Kafin Ki Miƙa Kanki Ga Mai Ƙarin Gashi

A wannan mako filinmu zai leƙa shagon gyaran gashi, domin daga Obalende da Agege a Ikko har zuwa Sabon Garin Kano da Wuse a Abuja, da wuya a wuce layi guda ba a ga inda aka rataye ƙunshin gashi ana sayarwa ba. Mata da yawa sukan shiga irin waɗannan shaguna a karo na farko lokacin biki, ba su san abin da za su tarar ba, su fito da ciwon kai, wasu kuwa bayan watanni su ga gaban goshinsu ya fara zama fili.

Tun kafin a bar gida akwai maganar addini, wadda ba ta ɓoyuwa. Hadisai ingantattu da Buhari da Muslim suka ruwaito sun yi hani mai tsanani ga mai ƙara wa wata gashi da kuma wadda ta nemi a ƙara mata. Malamai sun haɗu a kan haramcin yin haka da gashin ɗan Adam, amma sun saɓa game da zare da ulu, inda wasu suka sauƙaƙa, Imam Malik kuwa ya hana. Saboda haka Musulma ta tuntuɓi malaminta tukuna. To, amma tunda masu karanta wannan jarida sun haɗa da mabiya addinai dabam-dabam, kuma shagunan nan cike suke kullum, ya kamata wadda za ta shiga ta shiga da idonta a buɗe.

Tambayar farko da za a yi miki ita ce, wane irin gashi kike so? Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na roba, wanda ake kira atac, shi ne mai sauƙin kuɗi. Mafi shahara a cikin zaren da ake yinsa da shi shi ne Kanekalon, wanda kamfanin Kaneka na ƙasar Japan ya fara yi a shekarar 1957. Sa'an nan akwai gashin mutum na ainihi, mai tsada. Babban kaso nasa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar wurin ibada na Tirumala suke aske kansu don cika alwashi, hukumar wurin kuma ta yi gwanjonsa. A birnin Xuchang na ƙasar Sin ake sarrafa da yawa daga cikinsa. Sunan Brazil ko Peru da ake liƙa wa ƙunshi galibi sunan kasuwa ne kawai. Kuma araha ba ta ado: in an ce miki gashin mutum ne amma kuɗinsa bai wuce na roba ba, to, lalle an gauraya shi.

Tambaya ta biyu ita ce yadda za a ɗora shi. Ana iya kitsa shi tare da naki, sili-sili, aikin da kan ci awa huɗu zuwa takwas gwargwadon ƙanƙantar kitson. Ana iya yi miki kitson kwance a ɗinka gashin a kansa da allura mai lanƙwasa da zare, watau wibon, dabarar da wata Ba'amurkiya mai suna Christina Jenkins ta nemi rajistarta a shekarar 1951. Wannan yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Akwai kuma na gam, wanda ya fi sauri, amma shi ya fi cutarwa, domin gam ɗin yakan tsinke gashi wajen cirewa, kuma jikin wasu ba ya jituwa da shi. Ki ci abinci kafin ki tafi, ki yi lissafin lokutan sallarki, kuma ki daidaita kuɗin gashi da na aiki tun ba ki zauna ba.

Makitsiyar da ta san aikinta ba ta fara tsaga sai ta duba fatar kanki. Za ta tambaye ki yaushe rabonki da shafa man miƙar da gashi, domin gashin da aka miƙar bai daɗe ba yana da rauni, ana so a ba shi kamar mako biyu ya huta. In ta ga ƙuraje ko makero ko amosani mai yawa, za ta ce ki je ki yi magani tukuna. Ke ma ki buɗe ido ki duba kayan aikinta. Mataji da kibiya da tawul ɗin da aka yi wa wata amfani da su ba a wanke ba su ne hanyar kwarkwata da makero, allurar da ta soki wata kuwa tana iya ɗauko ciwon hanta. Ba abin kunya ba ne ki zo da naki daga gida. In an zo tsoma bakin kitson a tafasasshen ruwa, ki tabbata an rufe miki wuya da kafaɗa da tawul mai kauri.

Yanzu sai babbar magana, watau tsauri. An saba cewa kitso in bai yi zafi ba, ba zai daɗe ba. Wannan zance ya jawo wa mata da yawa sanƙo. Jan da ake yi wa tushen gashi, haɗe da nauyin abin da aka ƙara, shi ke cinye gefen goshi sannu a hankali. A shekarar 2007 Dokta Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta wallafa binciken da ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin uku da aka duba tana da irin wannan zubewar gashi, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda aka yi wa ƙari a kan gashin da aka miƙar. In an farga da wuri gashin yakan dawo, amma in tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai tsiro da shi. Saboda haka in kin ji fatar goshinki ta ɗaure, ko kin ga ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ko kin san ba za ki iya ɗora kai a matashi ba, ki ce a sassauta nan take. Kan naki ne, kuɗin ma naki ne, kada garin neman gira a rasa ido.

Bayan an koma gida aiki bai ƙare ba. A riƙa wanke fatar kai, a busar da ita sarai, domin danshin da ya kwana a ƙarƙashin wibon shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. A shafa ɗan man kaɗanya ko na kwakwa a tsaga, a ɗaura kallabi mai santsi da dare, a kuma yi nesa da murhu, domin gashin roba narkewa yake yi. Likitocin fata suna ba da shawarar kada ya wuce mako shida zuwa takwas, sa'an nan a tsefe a hankali, a bar kai ya sha iska kafin a sake.

Iyaye kuma su ji tausayin ƙananan yara mata, waɗanda ake ɗora wa nauyin gashi lokacin Salla ko Kirsimeti suna kuka ana ba su haƙuri. Tushen gashin yarinya bai yi ƙwarin ɗaukar wannan kaya ba, kitson gargajiya marar tsauri ya ishe ta ado.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa.