Gardamar masu agaji: yadda Yahudawan Amurka suka raba asusu guda

Ana yawan ɗaukar Yahudawa tamkar tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ba a jin kansu, balle a kan sha'anin kuɗi. Tarihin ƙungiyoyinsu na agaji a Amurka bai gaskata wannan zato ba. Daga 1925 zuwa 1945 manyan asusunsu biyu sun yi ta kai ruwa rana, magoya bayansu suna jifan juna da zafafan maganganu a jaridu da zaurukan taro, alhali ƴan'uwansu na Turai suna kan hanyar halaka. Abin dubawa shi ne dalilin da ya sa gardamar ba ta kashe aikin ba.

Ƙungiyar farko, wadda aka fi sani da Joint, an kafa ta a 1914, bayan jakadan Amurka a Daular Usmaniyya, Henry Morgenthau, ya buga waya New York yana neman dala dubu 50 don Yahudawan Falasɗinu da yaƙi ya rutsa da su. Aƙidarta ita ce a taimaki mabuƙaci a inda yake zaune, da abinci da magani da jarin sana'a. Ta biyu, United Palestine Appeal, ta ƴan Sahayoniyya ce, masu ganin Bayahude ba shi da sauran makoma a Turai, don haka duk dalar da ba ta nufi Falasɗinu ba ta faɗa rijiya. Abin da wannan kuɗi ya jawo wa Falasɗinawa, daga sayen filaye har zuwa gudun hijirar 1948, babi ne mai nauyi wanda ba ya goguwa. Amma ba a kansa ɓangarorin biyu suke cacar baki ba. Rabon sadakar jama'a suke wa faɗa.

Wutar ta tashi ne a 1924, lokacin da Joint ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Sobiyet don zaunar da Yahudawa a gonakin Yukiren da Kirimiya. A taron Filadelfiya na Satumban 1925, lauya Louis Marshall, jigo a ɓangaren Joint, da malamin addini Stephen Wise suka gwabza a bainar jama'a, kuma kafin shekarar ta ƙare ƴan Sahayoniyya suka buɗe nasu asusun. Daga nan magana ta bar kan gonaki ta koma kan mutunci. Waɗannan suna kiran waɗancan attajirai masu jin kunyar asalinsu, waɗancan suna cewa waɗannan ƴan siyasa ne masu cin kasuwa da hawayen talaka.

Tarihi bai bai wa kowa gaskiya dungurungum ba. Stalin ya kawo ƙarshen aikin gonakin a 1938, aka kama ma'aikatansa da dama aka kashe, sojojin Jamus kuma suka hallaka manoman da suka tarar a can bayan mamayar 1941. A nan ƴan Sahayoniyya sun hango daidai. Sai dai a Mayun 1939 Ingila ta ƙayyade shiga Falasɗinu ga mutum dubu 75 kawai cikin shekara biyar. Ga miliyoyin da suka maƙale a Poland, taimakon da Joint ke iya kaiwa ya fi musu ƙofar da aka rufe amfani.

Ba shiriyar zuciya ce ta sassauta harsuna ba. Masu bayarwa ne suka gaji. Ɗan kasuwa guda a Cleveland ko Detroit sai a ƙwanƙwasa masa ƙofa sau biyu, kowane mai roƙo yana kushe wanda ya riga shi zuwa. Asusun agaji na garuruwa, waɗanda suka haɗu a majalisa guda tun 1932, suka matsa lamba a haɗa tara kuɗin. Daren 9 ga Nuwamban 1938, da aka ƙone majami'u aka farfasa kantunan Yahudawa a Jamus, ya ƙarasa abin da matsin ya fara. A Janairun 1939 Jonah Wise na Joint, da Abba Hillel Silver na asusun Falasɗinu, da William Rosenwald na kwamitin ƴan gudun hijira suka sa hannu aka kafa United Jewish Appeal.

Takardar ba ta nemi kowa ya bar aƙidarsa ba, kuma a nan ƙarfinta yake. Ta rubuta kason kowa daga kuɗin farko da za su shigo, ragowar kuma ta danƙa wa kwamitin rabo mai wakilan ɓangarorin biyu da wanda ba ya cikin kowanne. Duk shekara ana sake zama a yi cinikin kason. Wanda ya taɓa riƙe littafin adashi ko asusun ƙungiya ya san bambancin: in gardama a kan lissafi ce, ana iya sayarwa a rage kaɗan a tashi a gaisa, in kuwa a kan wane ne maci amana ce, babu tsakiyar da za a haɗu. Haɗakar ta tsinke a farkon 1941, ta sake tsinkewa a 1945, amma sau biyun cikin ƴan watanni aka ɗinke, na biyun har da sa bakin hukumar gwamnatin Amurka mai kula da agajin yaƙi. A 1946 aka tara sama da dala miliyan 100.

Akwai sukar da ba za a yi watsi da ita ba: sau da yawa kiran a yi ladabi dabara ce ta mai hannu da shuni don ya rufe bakin maras shi. Ƴan Sahayoniyya sun ji wannan tsoro a 1941, da aka kawo shawarar majalisar garuruwa ta riƙa tsara abin da ya dace kowace ƙungiya ta samu. Suka yaƙe ta da ƙarfi, don sun san attajirai ne ke riƙe da majalisar. Ba su yi laifi ba. Ɗaga murya a kan tsarin rabo hakki ne, kuma ba ɗaya yake da cin mutuncin abokin gardama ba.

Haɗakar ta narke cikin wata babbar ƙungiya a 1999, amma tsamin bai ƙare ba, ya dai sauya fage. New Israel Fund, da aka kafa a 1979, tana tallafa wa masu kare hakkin ɗan Adam a Isra'ila, har da na Larabawan ƙasar. Tsakaninta da masu adawa da ita babu littafin lissafi guda, babu zaman shekara, babu mai raba gardama. A 2010 ƙungiyar Im Tirtzu ta zarge ta da hannu a rahoton Goldstone kan yaƙin Gaza, ta kuma buga talla ɗauke da zanen shugabarta, Naomi Chazan, da ƙaho a goshi. Hujjar masu tallan ita ce a Ibrananci kalma ɗaya ke nufin asusu da ƙaho. Sai dai Bayahude mai ƙaho tsohon zane ne da maƙiyansu na Turai suka yi ƙarnuka suna yaɗawa.