Ba Kowane Shiru Ne Zaman Lafiya Ba

Daga Potiskum, mazaunin Masarautar Fika, kullum manyan motoci na jigilar shanu zuwa Ikko da Ibadan da Fatakwal. Da yawa daga mutanen da wannan hanya ta kai Kudu sun baro 'ya'ya mata da ƙanne a ɗakunan aure, ba su jin labarinsu sai ta waya.

Lalle ne su sani cewa matar da ake zalunta ba safai take faɗa da bakinta ba. Alamu ne ke tona asiri: tabon da ake cewa na faɗuwa ne, yawan yaji, rama, rawar murya in maigida ya shigo, ƙwace mata waya, hana ta abinci ko asibiti ko ziyarar iyaye.

Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda Jihar Yobe ta amince da ita a 2022, ta ɗauki duka da tsoratarwa da raba mace da danginta a matsayin laifi.

Saboda haka, wanda ya ga alama kada ya tsaya ga "ki yi haƙuri". Ya aika amintacce ya gano ta, a kai magana gaban waliyyi, ko mai unguwa, ko alƙali, tun ba a kai ga sayen likkafani ba.