Ba Turbo Ke Kashe Injin Ba

A garejin kanikawa da tashoshin mota na Ƙaraye da Rogo akwai hukuncin da aka daɗe da yankewa, ba kuwa wanda ke neman ɗaukaka ƙara. Wai duk motar da ke da turbo, muddin ta kwana biyu tana cin hanya, ba ta aikin yau da kullum ba ce. Wai na'urar ta ƙasashen sanyi ce, zafinmu ya fi ƙarfinta. Shi ya sa mai neman Sharon ta haya zai tsallake mai injin 1.8T, mai ƙarfin doki 150, ya rungumi mai injin 2.0 da ke ba da 115, yana murna ya tsira. Wannan hukunci zalunci ne, kuma waɗanda suka yanke shi su ne masu laifin.

Turbo ba tsafi ba ce. Fanka biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana tura iska da ƙarfi cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta a injin fetur yana iya kai zafin digiri 900, kuma abin da ya raba ta da gugar ƙarfe ɗan siririn baƙin mai ne kawai. Na'urar da aka ƙera don ta zauna cikin irin wannan wuta, ranar Rogo ta watan Afrilu, mai digiri 40, ba ita za ta firgita ta ba. Abin da take tsoro shi ne mugun mai da ƙura.

Amurkawa sun daɗe da cin wannan jarrabawa. A shekarun 1980, lokacin da dokokin hayaƙi da tsadar mai suka durƙusar da manyan motocinsu masu silinda takwas, kamfanin Buick ya ɗora turbo a kan injin silinda shida mai lita 3.8, ya fito da baƙar motar nan Grand National. Ta 1987 tana da ƙarfin doki 245. A shekarar ce kuma aka ƙera ƙanwarta GNX, guda 547 kacal, wadda ke tashi daga tsaye ta kai gudun mil 60 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Yau motocin sun doshi shekara 40, kuma har yanzu akwai masu hawansu. Idan aka duba abin da ke kai su gareji, turbo ba ita ce kan gaba ba. Haƙoran roba da ke jikin giyar taimin sukan bushe su karye, famfon fetur ya gaji, birkin lantarki na Powermaster ya yi gardama, tiyo-tiyon iska su tsattsage. Duk ciwon tsufa ne, wanda ke kama mota ko an hau ta ko an lulluɓe ta da tamfol. Masu su sun san da haka, sai su canja waɗannan kaya tun kafin su ba da kunya, su yi juye kusan duk mil 3,000, su ci gaba da harkarsu.

Babu Grand National a tashar Ƙaraye, amma akwai 'yan uwanta na nesa: Sharon, Passat da Audi A4 masu 1.8T, 'yan Kwatano da 'yan Baljiyam da suka ƙare ƙuruciyarsu a Turai. Wannan inji yana da tarihin da ya kamata kowane bakanike ya sani. A 2004 kamfanin Volkswagen da kansa ya tsawaita garantin injin 1.8T na Passat da A4 a Amurka zuwa shekara 8, saboda baƙin mai yana daskarewa ya zama laka, ya toshe rariyar famfon mai. Maganin da kamfanin ya gindaya shi ne mai na musamman mai jure zafi, da juye a kan lokaci. Wannan fa a ƙasar da mai na jabu ba ya yawo a kasuwa ke nan. To, me ake zuba wa injin nan a wajenmu? Abin da ya samu. Mai kauri lamba 20W-50, wanda ya dace da Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975, shi ake ɗura wa kowace mota, wani lokaci ma na awo daga duro, ba tambari ba lamba. Matatar mai kuwa, in ba ta ɗiga ba, sai a ce da sauranta.

Sai kuma aikin da kanikawa ke alfahari da shi, wanda shi ne ya fi ɓarna. Mota na sauka daga Legas ko Kwatano, kafin a yi mata lamba an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an zubar da ruwan lagireto mai launi an cika da na rijiya. Hujjar ita ce dai waccan: nan ba Turai ba ne. Amma an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Da safiyar hunturu a Ƙaraye, lokacin da sanyin dam ɗin Challawa ke hana mutane fita, injin da ba shi da tamostat sai ya yi tafiya mai nisa bai ɗau zafi ba. Kwamfutar motar na ganin sanyi tana ƙara fetur, fetur ɗin na gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, tsinkakken man kuma shi ne ke zuwa ga sandar turbo. Ruwan rijiya yana nasa aikin a hankali, tsatsa da gishiri suna cin lagireto, har ranar da allura za ta haye ja a tsakanin Gwarzo da Getso, gasket ya ƙone. A nan sai a tafa hannu a ce ai dama an faɗa, mai turbo ce.

Tsadar fetur ta ƙaro wata sabuwar cuta. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, direba ba ya yarda inji ya yi minti ɗaya yana aiki a banza. Ya taso daga Kano da fasinja da kaya har saman but, ya taka totur hanyar duka, yana isa tasha sai ya murɗe makulli. Wani ma tun daga gangara yake kashewa. Da inji ya tsaya, famfon mai ya tsaya, man da ya rage a cikin turbo mai zafi sai ya soye ya zama gawayi, ya rage bakin siririn bututun da ke kawo shi. Minti ɗaya ko biyu na barin injin yana numfashi, ko sassauta gudu kafin a shiga gari, shi ne duk abin da ake buƙata. Fetur ɗin da za a ƙona a wannan ɗan lokaci bai kai kuɗin shayi da burodi ba, turbo kuwa, ko ta hannu ce a kasuwar Ƙofar Ruwa, sai an sayar da buhunan masara.

Ƙura ma tana da kasonta. Motar da ke shiga ƙauyukan Rogo ɗaukar rake da hatsi, ta bi burji har iyakar Maƙarfi, tana shaƙar jar ƙasa wuni guda. Matatar iska da aka karkaɗe a jikin taya aka mayar, ko tiyon da ya tsage aka ɗaure da roba, ƙofa ce ga yashi, kuma yashi a kan fankar da ke irin wancan gudu gwangwani ne a bakin dutsen wasa wuƙa.

Lambar kilomita da ake ta tsoro kuwa, ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da mai saye zai duba. Kowa ya san ana mayar da ita baya kafin mota ta iso hannun dillali. Motar da ta yi kilomita 300,000 a manyan titunan Jamus da mai mai kyau ta fi lafiya a kan wadda ta yi rabin haka ba juye. A buɗe murfin mai a leƙa ko akwai laka. A tada ta da sanyin safiya a ga ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. A cire tiyon iska a taɓa fankar turbo a ji ko tana lilo. Sannan, ko me dillali ya rantse da shi, a canja bel ɗin taimin da famfon ruwa kafin a fara lodi, domin a wannan inji bel na tsinkewa fistin ke dukan bawul.

Gaskiya ne, duk wannan kuɗi ne, kuma direban da ke biyan balas kullum ba shi da rarar da zai sayi galan ɗin mai mai tsada. Wanda ya san aljihunsa ba zai ɗauka ba, ya sayi mai 2.0 ɗinsa, babu laifi. Amma ya faɗi dalilinsa na gaskiya, kada ya ɗora wa rana da turbo. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa da masu gida da ke yaye yara duk shekara, kuma a nan ne ake gadon al'adar cire tamostat daga hannu zuwa hannu. Hukumar SON kuma, wadda ke da alhakin ingancin kaya, aikinta ne ta bi durorin baƙin mai da ake aunawa a bakin tasha, a Ƙaraye da Rogo kamar yadda take yi a Kano da Legas, ta tambayi mai sayarwa daga ina ya samo, kuma wace lamba ce a ciki.