Wa Zai Yi wa Gansakuka Magana?

Maudu'in wannan mako zai ɓata wa wasu rai, mun kuwa sani. Akwai wata magana da ta zama waƙa a bakinmu duk lokacin da aka ce a yi rubutu kan muhalli: "wannan ai aikin 'yan kimiyya ne, Hausa ba za ta iya ɗauka ba." Mu dai mun ce lalaci ne aka naɗa masa rawani. Bari mu gwada da abu mafi ƙanƙanta, a gani ko Hausar za ta karye.

Duk wanda ya taso tsakanin Gwarzo da Kabo ya san dam ɗin Guzuguzu da na Magaga da na Pada, ya kuma san gansakuka, koren abin nan mai santsi da ke kayar da yara a bakin ruwa. Ƙazanta muke ɗaukarta. Alhali ita ce gonar cikin ruwa. Ita da 'yan uwanta ƙanana da ido ba ya gani, irin su Chlorella, su ke karɓar hasken rana su haɗa abinci, su saki iskar da kifi ke shaƙa. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci su, karfasa ta ci su, tarwaɗa ta ci ƙwarin da 'ya'yan kifin, masunci ya kama, mai suya ta soya, mu saya a tasha.

To, ga abin da ke tafe. Masana'antun duniya sun koyi niƙa ƙarfe ya zama gari mai laushin da hankali ba ya kamawa. Ƙwayoyin nano ake ce musu, girmansu daga nanomita 1 zuwa 100, alhali kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Ana sa na azurfa a safa da bandeji da wasu sabulai don kashe ƙwayoyin cuta, na tutiya a man kare fata daga rana, na jan ƙarfe a fenti da wasu magungunan feshi. Har taki ya shiga layi: kamfanin IFFCO na Indiya ya fito da yuriyar nano ta ruwa a 2021, kodayake ita ba ƙarfe ba ce. Abin da aka wanke kuwa, kwata ce ke ɗaukarsa, kwata kuma ba ta san hanya ba sai ta rafi.

Idan garin nan ya isa ruwa, ɓarna iri-iri yake yi. Yana manne wa jikin gansakuka ya tare mata haske. Yana narkewa a hankali ya saki gubar ƙarfen ta ratsa cikinta, koren sinadarin da take haɗa abinci da shi ya lalace, ta daina hayayyafa. Azurfa da jan ƙarfe su suka fi tsanani. Ai da gishirin jan ƙarfe ake kashe gansakuka da gangan a tafkunan da ba a son ta. Wadda ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar ruwan. Wadda ta rayu ta riƙe ƙarfen a jikinta ta miƙa wa mai cinta. Kun ga Hausa ta karye a nan?

Za a ce mana ina Kabo ina masana'antar nano. Ba mu ce madatsunmu sun cika da ita yau ba. Cewa muka yi ƙofa a buɗe take, kuma mun saba barinta a buɗe. Mai noman rani yana gama feshin tumatir zai wanke tankinsa a bakin dam. Matattun batura a bola muke zubarwa, ruwan sama ya yi sauran aikin. Mu ne kuma a sama: ruwan yankinmu kogin Challawa yake gangarawa, kogin da aka datse a Karaye a 1992, wanda can ƙasa kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suka daɗe suna shayar da shi ruwan kuromiyam. Hukumar NESREA tana nan tun 2007, amma hukuma ba ta jin kukan da ba a yi ba.

Ku tuna Zamfara a 2010. Ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400. Ba nano ba ce, amma darasin ɗaya ne, gari ne da ba a san sunansa da guba ba. Labarin ya zaga duniya da Turanci. Littattafan Hausa nawa muka rubuta a kai? Mu da ke iya cika shafi 300 kan kishiya da uwar miji!

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne 'yan uwanmu masu difloma da digiri. Ɗalibai da yawa a manyan makarantunmu suna haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan ganyen zogale ko darbejiya don aikin kammala karatu, a kira shi "koren haɗi" saboda da ganye aka yi. Ganyen ne kore, azurfar tana nan da dafinta. Wanda ya iya haɗa ta a ɗakin gwaji, ya kasa yi wa kawunsa masunci bayaninta a sakin layi biyu, me ya karanta? Tun kafin 'yancin kai Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana halittu da Hausa tsantsa, ba intanet, ba kwamfuta.

Aikin wannan mako ke nan: kowa ya kawo gajeren labari ko maƙala da ba ta wuce kalma 500 ba, a kafa ta a bakin ɗaya daga cikin madatsun nan uku, kuma a samo wa wannan gari suna na Hausa da ya fi "ƙwayoyin nano" daɗin faɗa. Ranar Alhamis da dare za mu rufe karɓa.