Òlòtūré: Tsakanin 'yar jarida da kamfani, wa ke da labarin?

A watan Oktoban 2020 Netflix ya fara haska Òlòtūré, fim ɗin da Kenneth Gyang ya ba da umarni, kamfanin EbonyLife na Mo Abudu ya shirya. Labari ne na 'yar jarida da ta yi shigar karuwa a Legas domin ta tona asirin masu safarar mata zuwa Turai. A 2024 aka fitar da ci gabansa, amma taƙaddamar da ya haifar ta fi ci gaban jan hankali.

Tobore Ovuorie, wadda ta yi irin wannan ɓad-da-kama ta wallafa bincikenta a Premium Times a 2014, ta ce rayuwarta aka kwashe aka mayar fim. EbonyLife ya ce daga jaridar ya samu izini, kuma ya ambaci sunanta.

A nan gizo ke saƙar. Dokar haƙƙin mallaka ta lokacin ta ba mai jarida ikon buga rubutun ma'aikacinsa ne kawai. Sauran haƙƙoƙin na marubuci ne, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Ke nan takardar ɗaukar aiki, wadda ba kasafai ake karanta ta ba, ita ce alƙali. Kuma doka rubutu take karewa, babu ruwanta da wahalar da aka sha kafin a yi shi.

An sauya dokar a 2023. Jami'an Hukumar Haƙƙin Mallaka da na NAPTIP, waɗanda ke amfana da irin wannan bincike, su ya kamata su matsa wa kafofin labarai su fayyace wannan sharaɗi tun kafin a tura ɗan jarida fagen haɗari.