Tukunyar silba a harkar dafa barasa: me take gyarawa, me ta bari?

A ranar 10 ga Yulin 2024 wani alƙalin kotun tarayya a jihar Texas ta Amurka, Mark Pittman, ya yanke hukunci cewa dokar da ta hana mutum dafa barasa mai ƙarfi a gidansa ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Dokar tun ta 1868 ce, kuma asalinta maganar haraji ce: gwamnati na tsoron in kowa ya kafa tukunya a bayan ɗakinsa, kuɗin da take tatsa daga barasa zai zube. Wanda aka kama yana iya shan ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Wata ƙungiya ta masu yin wannan harka don sha'awa ce ta kai ƙarar, gwamnati kuma ta ɗaukaka ƙara.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Mu da ba ma sha, ba ma sayarwa. Haka ne. Sai dai wanda yake zaune a Nima ko Aboabo ko wani zango a ƙasar nan ya san katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙwabcin da ke sayar da akpeteshie, kuma ya san idan guba ta shiga unguwa ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga. Ga shi kuma kayan da ake wannan gardama a kansu a Amurka, wato tukwanen ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda a kasuwa muke ce wa silba, yanzu kowa na iya ganinsu a shagunan intanet, akasari ƙirar Chaina, wasu ma an rubuta musu cewa na tace ruwa ne ko na fitar da man ganye.

A ƙasashen da abin ya zama sha'awa, irin su New Zealand wadda ta halatta dafawa don amfanin kai tun 1996, da Ostireliya da Amurka inda ake yi a ɓoye ko da lasisi, tukunyar da ta fi farin jini ba daga kanti take fitowa ba. Gangar giya ce, irin wadda kamfanoni ke kai wa mashaya, mai cin lita 50 a Turai ko kusan lita 59 a Amurka. Dalilin a fili yake. An ƙera ta da ƙarfen da aka yarda a zuba abinci a ciki, wanda aka fi sani da lamba 304, mai kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Tana da kauri, ba ta tsatsa, tana daɗewa. Abin da masu yabonta ba su cika faɗa ba shi ne gangar nan mallakar kamfanin giya ce. Kuɗin da mai mashaya ya ajiye jingina ne kawai, ba sayen ganga ya yi ba, kuma kamfanoni a Amurka da Ingila sun daɗe suna kukan ana sace musu ita ana kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Don haka da yawa daga cikin waɗannan tukwane masu sheƙi, tun kafin a hura wuta a ƙarƙashinsu akwai alamar tambaya a kan yadda aka same su.

Yanzu mu zo gida. Akpeteshie dai kowa ya san yadda kayan aikinta suke a ƙauyukan da ake yin ta da bammi ko ruwan rake: tsohon durom, bututun jan ƙarfe, ramin ruwa. Sunan ma daga harshen Ga yake, yana nufin ɓuya, domin Turawan mulkin mallaka sun haramta ta a farkon shekarun 1930, a lokacin da suka taƙaita shigo da jin daga Turai, mutane suka koma yin tasu a daji. Sai a 1962, zamanin Kwame Nkrumah, aka halatta ta. Masanin tarihi Emmanuel Akyeampong ya bi diddigin wannan labari a littafin da ya fitar a 1996 kan tarihin barasa a Ghana. Shekara sittin da ɗoriya bayan halattawar, durom ɗin nan bai canza ba sosai. Wani an taɓa zuba man inji a ciki, wani sinadarin da mai dafawar kansa bai san sunansa ba.

A nan ne masu cewa a koma silba suke da gaskiya, kuma bai kamata a hana su ita ba. Ruwa mai tsami da zafin wuta suna cin ƙarfe. Durom mai tsatsa, da bututun da aka liƙe da dalma, da tsohon lagireton mota da wasu ke sanyaya tururi da shi, duk suna iya zubar da ƙarfe cikin abin da mutum zai sha. A kudancin Amurka an ga wannan ƙarara: a 1992 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton mutanen jihar Alabama da aka samu dalma ta yi yawa a jininsu saboda barasar gida. Dalma kuwa ba ta kashe mutum dare ɗaya. A hankali take lalata ƙoda da jini da ƙwaƙwalwa, mutum na ta ciwon ciki ana ba shi maganin tsutsa. Tukunyar silba da aka yi wa walda mai kyau tana rage wannan matsala ƙwarai.

To amma fa iyakarta ke nan. Abin da ke kashe mutane ashirin, hamsin, ɗari a mako guda ba tsatsa ba ce. Metanol ne.

A watan Afrilun 2010 kimanin mutum 80 suka mutu a gundumar Kabale ta Yuganda bayan sun sha waragi. A 2015 a Najeriya, an fara da Ode-Irele a jihar Ondo, sannan jihar Ribas inda kusan mutum 70 suka mutu saboda ogogoro. A ƙarshen 2016 odontol ta kashe fiye da mutum 20 a yankin gabashin Kamaru. A Yunin 2024 fiye da 60 a Kallakurichi ta Indiya. A Nuwamban 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido 6 a garin Vang Vieng na ƙasar Laos. Wurare daban, sunan abin sha daban, guba iri ɗaya.

Mutane da yawa, har da wasu jami'ai, suna ɗauka cewa metanol ɗin daga rashin iya dafawa yake fitowa. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya: ruɓar 'ya'yan itace tana samar da shi kaɗan, ruɓar sukari ko hatsi kuma ƙasa da haka. Amma yawan da ke kwantar da gari guda kusan ko yaushe zuba shi ake yi. Metanol na masana'antu yana da araha, ba a ɗora masa harajin barasa, kamanninsa da warinsa kusan ɗaya da na barasar sha. Ɗan kasuwa mai son jarka ɗaya ta zama biyu sai ya tsiyaya. Wani ma bai san abin da ya saya ba, an ce masa sifirit ne kawai. Wannan haɗin yana faruwa ne a jarka, a sito, a bayan kanti, bayan an sauke tukunya an wanke ta. Ko da zinariya aka ƙera tukunyar ba ta da ta cewa a wurin.

Shi ya sa nake ganin duk gyaran da ya tsaya a kan kayan dafawa rabin gyara ne. Yana da daɗin ɗaukar hoto, a tara masu dafawa a raba musu tukwane masu walƙiya. Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ke shigo da metanol, wa yake sayar wa, ana rubutawa ko ba a yi, kuma akwai wanda ke ɗibar abin da ke cikin jarkokin kasuwa ya auna? Kenya ta gwada hanyar halattawa a 2010, ta ce a fito da chang'aa fili, a zuba a kwalba, a yi rajista. Duk da haka a Fabrairun 2024 mutane fiye da goma suka mutu a gundumar Kirinyaga. Doka a takarda ba ta kai inda jarka take ba.

Hanin ma shi kaɗai bai tsare kowa ba, kuma wannan ya kamata mu faɗa wa kanmu ba tare da kwana-kwana ba. A Iran, a farkon 2020, lokacin da jita-jita ta bazu cewa barasa na maganin korona, fiye da mutum 700 ne hukumomi suka ce sun mutu cikin 'yan makonni. A Kuwait, a Agustan 2025, mutum 23 suka mutu, akasarinsu baƙin ma'aikata daga Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na barasar da ake sha a duniya ba ta shiga lissafin kowace gwamnati. Inda aka fi ɓoyewa, nan ne mai saye ba ya iya tambaya, ba ya iya kai ƙara.

Ga inda abin ya taɓa zango kai tsaye. Matsayin addini a kan giya sananne ne, ba sai na maimaita wa kowa ba. Amma ba za mu ce babu yaranmu da ke sha a ɓoye ba, akwai su, iyaye mata sun fi kowa sani. Yaron da ke ɓoyewa shi ne mai sayen mafi araha, a wuri mafi duhu, kuma shi ne zai fi jinkirin faɗa idan jikinsa ya canza. Metanol kuwa mayaudari ne. Da farko kamar maye ne kawai. Sai bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye, jiki ya gama juya shi zuwa wani sinadari mai tsami da ke cin jijiyar ido, sannan a ga amai, ciwon kai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, gani ya dushe kamar hazo. Abin da bai wuce cokali ɗaya ba yana iya makantar da mutum, cokali biyu zuwa uku yana iya kashewa. A daidai wannan lokacin ne a gidajenmu ake cewa jifa ne, ko iska, a kira mai ruƙiya, a jiƙa rubutu, alhali sa'o'in da likita ke buƙata suna ta tafiya. Wallahi gara a ji kunyar kwana ɗaya a gaban nas. A faɗa mata abin da ya sha, da lokacin da ya sha, da waɗanda suka sha tare da shi, domin su ma suna kan hanya.

Akwai kuma masu walda. A Suame Magazine da sauran wuraren ƙira akwai 'yan'uwanmu da yawa da hannunsu ya faɗa a aikin silba, suna ƙera tukwanen abinci da na sarrafa man kaɗe da tankunan ruwa. Idan wannan yayi ya iso da ƙarfi, wurinsu za a zo da ganga a ce a huda nan, a liƙa bututu can. Kowa da malaminsa kan halaccin karɓar aikin, tunda irin tukunyar ce dai ake fitar da man ganye da ruwan wardi da ita. Abin da zan ƙara kawai na sana'a ne: ganga ana ajiye ta ne da iska a matse a ciki, wanda ya kai mata wuta ko abin yanka bai san halinta ba yana iya rasa fuska. Tururin barasa kuma yana kama wuta kamar fetur, ga gidajen haya na zango ɗaki na jingine da ɗaki.

Maganin gubar metanol sananne ne a likitance. Akwai allurar fomepizole, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, amma tana da tsada kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. In babu ita, likitoci na amfani da barasar sha mai tsabta, da awo, don ta tare hanta kada ta ci gaba da juya gubar, sannan a yi wankin jini da injin wankin ƙoda. Injinan nan a Ghana sun fi taruwa a manyan asibitoci irin su Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a Kumasi da asibitin koyarwa na Tamale, kuma masu ciwon ƙoda ma layi suke bi. Ranar da mutum talatin suka zo lokaci ɗaya daga ƙauye guda, kamar yadda ya faru a Kabale da Ribas, lissafin gadaje da injina ne zai nuna nawa za su koma gida da idonsu. Wannan lissafin ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar zangunanmu su nema daga ma'aikatar lafiya tun yanzu, tare da bayanin wanda ke riƙe da rajistar masu shigo da metanol ta tashar Tema.