Shago a filin aro

A Maraɗi da Damagaram, ƴan kasuwa da ƙungiyoyin agaji sun shiga yayin buɗe shafin intanet. Saurayi mai na'ura mai ƙwaƙwalwa ya gina shi da WordPress, a sallame shi, a yi ta murna.

Sai dai ba a cika sanar da Alhaji cewa sunan shafin, ko .ne na Nijar ko .com, haya ce ta shekara-shekara ba. Mafi muni, sau da yawa da sunan saurayin aka yi rajista, kalmar sirri ma tana aljihunsa. Ranar da ya tafi bida Kwatano, wa'adi ya cika, shafi ya ɓace. Masu tallafi daga Turai su nemi ƙungiya su rasa, sunan kuwa wani yana iya saye.